An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Martani Kan Batun Na'urar CD

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwa ma'abocin kayan sauti ya yi kwanan baya a kan na'urorin CD, na kuma sake karantawa, domin mutum ne da ake jin maganarsa, kuma na san akwai matasan da za su ɗauki shawararsa su nufi kasuwa da ita. Abin da ya tsaya a kai shi ne, duk wanda ke son jin faifai yadda aka ɗauke shi, to ya manta da na'ura mai akwati guda. Sai ya sayi biyu: ɗaya mai karanta faifan kawai, ɗaya kuma mai juya lambobin da aka karanto su koma sauti, wadda 'yan kasuwa ke kira DAC, sannan ya haɗa su da waya mai tsada. A ganinsa na'ura mai sauƙin kuɗi tana zubar da wani ɓangare na kiɗan tun a wurin karatu, kuma abin da ya zube ba ya kwasuwa. Ya rufe da cewa araha ba ta ado.

Malam, da girmamawa, ban yarda ba. Kuma ba don ina ƙyashin mai hali ya sayi abin da ransa ke so ba. Abin da ya dame ni shi ne yaron da ya tara kuɗinsa wata da watanni, wanda zai zuba su duka a kan abin da ba zai ji bambancinsa ba, ya koma gida ya jona shi da sifikokin da ke kuka kamar gwangwani.

Ina ganin tushen kuskuren shi ne ana auna faifan CD da ma'aunin faifan garmaho. A garmaho allura ce ke bin tsagi, duk wata rawa da injin ya yi, duk wata ƙura da ta kwanta a tsagin, kunne zai ji ta kai tsaye. A can kam, injin da ya fi nauyi da natsuwa ya fi daɗin ji, babu gardama. CD ba haka yake ba. Tun da kamfanonin Philips da Sony suka daidaita a kan tsarinsa a 1980, har Sony ya fito da na'urar CDP-101 a Japan a watan Oktoba na 1982, abin da ke kan faifan lambobi ne. Ana auna sauti sau 44,100 a kowane daƙiƙa, a rubuta kowane awo da gurabe 16 na sifili da ɗaya, ɓangaren dama daban, na hagu daban. Hasken leza ne ke bin waɗansu ƙananan ramuka da aka jera a layi guda mai naɗewa, wanda in da za a warware shi zai haura kilomita 5. Yana farawa daga tsakiya ya yi waje, faifan na juyi kusan sau 500 a minti a farko, ya sauko kusan 200 a ƙarshe. Aikin idon na'urar, kamar yadda masu gyara ke kiransa, shi ne ya ce nan sifili ne, nan ɗaya ne. Babu ɗaya mai zaƙi, babu ɗaya mai ɗaci. In ya karanto bakwai, bakwai ce, ko a na'urar da aka saya da kuɗin akuya, ko a wadda aka saya da kuɗin mota.

Malam zai ce to ai ido na iya kuskure. Haka ne, kuma waɗanda suka ƙera abin sun san da haka tun ranar farko. Shi ya sa ba su rubuta lambobin kiɗan kawai ba, sai da suka haɗa da lambobin shaida. Ka ɗauki ɗan kasuwa da ya rubuta cinikin ranarsa layi-layi, ya kuma rubuta jimla a ƙasa. In ruwa ya ɗiga ya goge layi ɗaya, ba sai ya yi hasashe ba, daga jimlar zai fitar da ainihin abin da ya goge. Tsarin da ke cikin CD, wanda aka gina a kan lissafin Reed da Solomon, haka yake, sai dai ya fi wannan zurfi. An kuma warwatsa lambobin da ke maƙwabtaka da juna a wurare daban-daban a kan faifan, don kada ƙarzuwa ɗaya ta cinye su gaba ɗaya. Da wannan dabara, ɓarnar da ta kai tsawon milimita biyu da ɗoriya a kan layin ana maido da ita daidai, ba kusan daidai ba. In ta wuce haka, na'urar ta cike gurbin da ƙiyasi. In ta wuce ƙiyasi, sai ka ji ƙas, ko tsalle, ko shiru. Wannan kuwa ba ya buƙatar kunnen gwani, jariri ma zai waiga. Abin da babu shi shi ne abin da Malam ya siffanta, wato a ce faifai na tafiya lafiya lau amma na'urar na satar zaƙin murya a ɓoye.

Duk mai kwamfuta da ke da wurin sa faifai zai iya gwada wannan a daren yau. Akwai manhaja mai suna Exact Audio Copy da ke kwafe faifai, ta kuma gwada abin da ta kwafo da rumbun AccurateRip, inda ake tara shaidar kwafin da mutane suka yi na faifai iri ɗaya a ƙasashe daban-daban. Na yi haka da faifan Talking Timbuktu na Ali Farka Touré da Ry Cooder, wanda ya fito a 1994, a kan wata tsohuwar kwamfuta da ƙofar faifanta ma sai an taimaka mata da yatsa. Kowace waƙa ta fito daidai da ta sauran jama'a, lamba da lamba. In ɗan injin roba da ke cikin kwamfuta ya iya wannan, a ina ake zubar da kiɗan?

Hujjar Malam mafi ƙarfi ita ce ta lokaci, kuma ita ce ta cancanci a zauna a kanta. Bai isa lambobin su zo daidai ba, dole a juya kowace a daidai lokacinta, sau 44,100 a daƙiƙa, ba gaggawa ba jinkiri. In agogon da ke ba da wannan umarni yana rawa, sautin zai gurɓata. Wannan gaskiya ne, injiniyoyi sun san shi, suna kuma auna shi. Amma a duba yadda na'ura mai akwati guda ke aiki. Lambobin da ido ya karanto ba sa zuwa majuyi, wato DAC, kai tsaye. Suna fara taruwa a wata 'yar ma'ajiya, kamar tankin ruwa a saman gida. Injin rijiya na iya turo ruwa da ƙarfi yanzu, anjima ya sassauta, amma wanda ya buɗe famfo a ƙasa ruwa ɗaya yake gani. Mai buɗe famfon a nan shi ne ɗan dutsen kwaz, irin wanda ke cikin agogon hannu, kuma yana zaune ne dab da majuyin. Shi ke ba da lokaci, motar faifan kuwa ana ƙara mata gudu ko a rage don kada tankin ya cika ko ya ƙafe.

Yanzu raba su biyu kamar yadda Malam ya ce. Makarancin yana akwati ɗaya da agogonsa, majuyin yana wani akwatin. Abin da ke haɗa su hanya ce da ake kira S/PDIF, ita ma ta Sony da Philips, ko ta wayar koksiyal ko ta wayar haske da Toshiba ya fito da ita a 1983. A cikin wannan waya guda ake cusa lambobi da lokaci tare, sai majuyin ya sake tsamo agogon daga cikin abin da ya iso masa. A nan ne rawar agogo ta fi samun ƙofar shiga. Wato cutar da ake tsorata mu da ita, rabawar ce ta fi kawo ta. Majuyan zamani sun iya magance ta sosai, suna tace lokacin su daidaita shi har ya sauka ƙasa da abin da kunne ke kamawa. To in majuyin ya iya haka, makaranci mai tsada da mai araha sun zama ɗaya a wurinsa. In kuwa bai iya ba, gara akwati guda. Ko ta ina aka bi, ban ga inda shawarar Malam ta tsaya da ƙafafunta ba.

Batun majuyin kansa ba zan daɗe a kai ba. A farkon shekarun 1980 aiki ne mai wuya, har na'urorin Philips na farko da majuyi mai gurabe 14 suka fito, aka yi dabarar lissafi aka cike sauran. Yau kuwa 'yan kamfanoni kaɗan ne ke ƙera ɗan guntun lantarkin da ke wannan aiki, wato aisi, wanda kusan kowa ke sawa: ESS, AKM, Cirrus Logic, da Burr-Brown da ke hannun Texas Instruments tun 2000. Sau da yawa aisin da ke cikin ɗan akwatin Topping ko SMSL ko FiiO ɗan gida ɗaya ne da wanda ke cikin na'urar da ta ninka shi kuɗi sau goma. A watan Oktoba na 2020 gobara ta ci masana'antar AKM da ke Nobeoka a Japan, kamfanoni da yawa suka rasa aisin da suka saba da shi, suka koma na ESS, wasu ma ba su canza siffar akwatin ba. Jama'a suka ci gaba da saye suna jin kiɗansu.

A 2007 wasu mutum biyu, Brad Meyer da David Moran, sun wallafa wani gwaji a mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES. Sun ɗauki faifai masu tsarin da ya fi na CD yawan lambobi, wani lokaci su bar sautin ya wuce kai tsaye, wani lokaci su bi da shi ta na'urar da ke mayar da shi ma'aunin CD ta sake juyo shi, mai sauraro bai san wanne ake kunna masa ba. An yi gwajin fiye da sau 500, kuma amsoshin da suka dace kusan rabi ne, daidai da wanda ya rufe ido ya yi canke. An soki gwajin ta fuskar irin faifan da suka zaɓa, kuma sukar na da tushe. Amma abin da ya shafe mu a nan ya tsaya: an ƙara juyi biyu cur a kan hanyar sautin, mutane ba su kama ba.

Na san Malam zai ce shi da kunnensa ya ji bambanci, kuma ban ƙaryata shi ba. Ni ma na taɓa ji. Wani abokina ya kawo makarancinsa da majuyinsa gidana, muka jona su gefen tsohuwar na'urata, muka sa karatun Shehu Mahmud Khalil al-Husari, domin muryar mutum ita ce abin da kunne ya fi sani. Da aka koma kan nasa sai na ji muryar ta matso, numfashin ya fito fili, har na fara lissafin abin da zan sayar. Sai ƙanena, wanda ke gyaran lantarki, ya ɗauko mitarsa ya auna abin da kowace ke fitarwa. Ta abokina ta ɗan fi ƙarfi. Ma'aunin da aka saba da shi kusan bolt 2 ne, amma wasu na'urori na ɗara haka kaɗan, kuma kunnen ɗan Adam in an ƙara masa ƙara 'yar kaɗan ba ya cewa an ƙara, cewa yake an gyara. Muka daidaita ƙarfin, muka lulluɓe na'urorin da zani, ƙanena na canzawa daga baya. Ni da mai kayan duka muka rasa gane wacce ce wacce. Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma a wannan harka maganar ta zauna daram: da ido ya ga akwati mai nauyi da fitila mai kyau, ya riga ya gaya wa kunne abin da zai ji.

To ina jakin yake, in taiki muke ta duka? Yana wurin sifika da ɗaki. Gurɓatar da majuyi mai matsakaicin kuɗi ke yi wa sauti ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu goma ba. Sifika kuwa, ko mai kyau ce, in ta shiga ƙasan sauti tana iya kai wa kashi ɗaya cikin ɗari ko fiye. Sannan ga ɗakunanmu: bangon siminti, daɓen tayil, silin mai amsa kuwwa, fanka na juyi, janaretan maƙwabci na ruri. Tazarar da CD ke iya ɗauka tsakanin sauti mafi ƙanƙanta da mafi ƙarfi ta kai desibel 96. Ɗaki mai shiru sosai yana da hayaniyarsa ta kusan desibel 30. Kafin ka ji ƙarshen abin da CD na yau da kullum ke iyawa a irin wannan ɗaki, sai ka ɗaga ƙara zuwa inda kunne ke ciwo. Kafet a ƙasa, labule mai kauri, janye sifikokin daga jikin bango da kusurwa, a ɗaga su daidai kunnen mai zama: wannan zai canza abin da kake ji ta yadda har baƙo zai tambaya me ka saya. Kuɗin da aka ce a sa a wayar haɗi, a sa shi a nan.

Akwai inda nake tare da Malam, kuma ba zan ɓoye ba. Ba kowace mai araha ce abin saye ba. Irin na'urorin DVD marasa suna da suka cika gidajenmu a zamanin da finafinan Hausa suka bar kaset suka koma faifai, yawancinsu an yi su ne don hoto. Ɓangaren sautinsu na ƙarshe sakaka ne, wutarsu na da hayaniya, motarsu na ƙugi har ka ji ta daga kujera, wasu na daɗewa kafin su gane faifai, wasu na yanke tsakanin waƙa da waƙa ko da an ɗauke su a haɗe. A irin wannan hali ɗan majuyi na waje yana da amfani na gaske: ka ɗauko lambobin ta kafar koksiyal ko ta haske, ka shiga saitin na'urar ka zaɓi PCM, ka bar majuyin ya yi sauran. Haka kuma wanda amfilifayarsa ta zo da majuyi a ciki, kamar Yamaha A-S301 ko Audiolab 6000A, yana da dalilin sayen makaranci zalla irin Cambridge CXC ko Audiolab 6000CDT, tunda ba ya son biyan kuɗin majuyi sau biyu. Wannan lissafin aljihu ne, kuma mai kyau ne. Amma wanda ba shi da komai tukuna, na'ura guda irin Yamaha CD-S303 ko Denon DCD-600NE ko Marantz CD6007 ta ishe shi, kuma ita ma tana da kafar fitar da lambobi in wata rana ya so ƙari.

Abin da ya fi ba ni mamaki a rubutun shi ne bai ce uffan ba a kan abubuwan da ke kashe na'ura a ƙasarmu. Yawancinmu ba sabuwa muke saye ba, ta gwanjo ce, wadda ta sauka a Legas ta biyo hanya har Sabon Gari. Abu na farko da za ka yi kafin ka ji ko da sauti ɗaya shi ne ka juya bayanta ka karanta. Wutarmu bolt 230 ce. Kayan Japan na cikin gida 100 suke sha, na Amurka 120. Na taɓa sayen wata mai kyan gaske, mai shagon ya gwada mini ita a kan teburinsa, ban lura cewa ta sitef-dawun ya jona ta ba, shi kuma bai faɗa ba. Ina isa gida na cusa ta a bango, ko minti ba a yi ba sai warin taransifoma ya cika ɗakin. Har yau ina jin zafin wannan asara. Bayan haka sai sitabilaiza, domin dawowar wuta da ƙarfi ta fi ɗaukewarta ɓarna.

Sai ƙura. Na zauna gefen ƙanena ranar da ya buɗe na'urar da nake amfani da ita yanzu, bayan ta fara tsalle a tsakiyar hunturu. Ya kwance sukurori huɗu ya ɗaga murfin, ga idon nan, ɗan gilashi da bai kai ƙwayar wake ba, ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa gari. Ya naɗa auduga a tsinke, ya ɗan jiƙa ta da sifirit, ya shafa a hankali, gilashin na lilo a kan 'yan wayoyin da ke riƙe da shi. Ya goge sandar da idon ke tafiya a kai, ya ɗiga mata mai kaɗan. Sannan ya ciro bel ɗin da ke jan tiren, wanda zafi ya sa ya saki har ƙofar ke tsayawa a rabi, ya sa sabo. Tun daga ranar ba ta sake tsalle ba, ni kuma na ɗinka mata mayafi. Ya ce mini yawancin na'urorin da ake kawo masa da sunan ido ya mutu, ƙura ce kawai da bel.

Amma ido na mutuwa da gaske in ya tsufa, shi ya sa tambayar da ta fi kowace muhimmanci wurin sayen ta hannu ita ce: wane ido ne a ciki, kuma ana samunsa? Irin su KSS-213 na Sony da SF-P101N na Sanyo an sa su a na'urori masu ɗimbin yawa, don haka madadinsu bai yi wuya ba, ko da yake jabu sun yi yawa a ciki. Sabo yakan zo da ɗan ɗigon dalma da aka sa don kare shi daga wuta, wanda dole a cire kafin ya yi aiki. Tsofaffin injinan Philips masu hannu mai lilo suna da ƙarko ƙwarai, sai dai ranar da suka tsaya samun kayansu aiki ne. Makaranci mai tsada da aka yi wa inji na musamman, in ya lalace a Kano ko Zinder, ya zama kayan ado a kan kabad. Ka je kasuwa da faifanka uku: na asali mai tsabta, mai 'yar ƙarzuwa, da wanda aka ƙona a kwamfuta. Ka ga ko tana gane su da wuri, ka tura ta waƙar ƙarshe ta gefen faifan inda rauni ya fi bayyana, ka kasa kunne kusa da ita ka ji ko motar na ƙara.

Wannan ya kawo ni ga faifan kansa. Da yawa daga abin da ake sayarwa a bakin titi da tasha ba daga asalin ɗauka aka buga su ba. An kwaso su ne daga MP3, wanda tuni an zubar da wani ɓangare na sautinsa don ya ƙanƙance, aka ƙona a faifai. A nan ne ake zubar da kiɗan da gaske, Malam, tun kafin ya shigo gidanka, kuma babu majuyin da zai dawo da shi. Waƙoƙin Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da yawancinmu ke da su a faifai daga kaset aka juyo su, wani kaset ɗin ma kwafin kwafi ne, da shuu ɗinsa da komai. Ina jin su haka nan, ina kuma jin daɗinsu, amma kuntigin Ɗan Maraya ba zai ƙara fitowa ba don an sa shi a makaranci mai tsada. Wanda ya samu faifai na asali kuma ya kula da shi: a goge shi daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba, domin ƙarzuwar da ta bi layi ita ce ke fin ƙarfin lambobin shaida. A kuma kiyaye ɓangaren da aka yi rubutu, don siririn ƙarfe mai sheƙi da ke ɗauke da lambobin yana dab da shi, ɗan fenti ne kawai ya rufe shi.

Ina gayyatar Malam gidana duk ranar Asabar da ya ga dama, bayan la'asar. Ya zo da makarancinsa da majuyinsa da wayarsa, da faifan da ya fi sani a duniya. Ƙanena zai zo da mita ya daidaita ƙarfin, a kashe fanka, a lulluɓe na'urorin da zani, a canza sau ashirin, kowa ya rubuta amsarsa a takarda ba tare da ya ga ta ɗan'uwansa ba. In ya gane nasa sau goma sha bakwai, zan rubuta a wannan fili cewa na yi kuskure, in kuma faɗi adadin da ni na samu.